Ni Ce Mai Sa Dabino a Miya

Ina da wani hali da na daɗe ina ɓoyewa, ko da yake ɓoyon bai hana rabin dangin mijina sani ba. Ba na iya ganin tukunyar miya tana tafasa, ga ɗan itace kusa da hannuna, in bar kowa ya kama gabansa. Sai na haɗa su. Ba tsamiya nake nufi ba, wadda kowace mace a Adar take jiƙawa ta tace a ruwan tuwo ba mai ɗaga kai ya dube ta. Dabino nake nufi a miyar nama, mangwaro a miyar kifi, gwanda a farfesu, zabibi a shinkafa, abarba a naman layya. Na taɓa tsayawa gaban tulin kankana a bakin kwalta ina lissafin abin da za ta yi wa miyar kuɓewa, har mai kankanar ya ce, "Hajiya, lahiya dai?"

Abin da ya ƙara wa laifin nauyi shi ne a Madawa aka yanke mini cibiya. Wanda ya san garin ya san ba wurin da mace za ta ce ta rasa kayan miya ba ne. Ga fadamar Tarka nan shimfiɗe da albasa, irin jar nan ta Galmi da ake lodawa a manyan motoci zuwa Abijan da Akara da Kumasi da Kwatano, wadda ba a sayar da kaka ba kuma a zuba ta a rudu a jira kuɗinta ya tashi. Ganyenta ma ba a zubarwa, a daka a dunƙule a shanya ya zama gabu. Ga tumatir, ga kauɗarsa in rani ya yi nisa, ga tattasai, ga tonka. Yarinyar da ta tashi a nan tun tana goye hancinta ya san miya. Ni ma haka na tashi, a hannun uwar da ba ta taɓa sa wa tukunya abin da tata uwar ba ta sa ba. Saboda haka kada wani ya ɗora wa tarbiyya.

Tukunyar ƙasarmu tana da doka, ko da ba wanda ya taɓa zama ya karanta wa amarya ita. Ta yarda da tsami: tsamiya, yakuwa, kauɗa. Ta yarda da ɗaci, shi ya sa yalo da gauta suke shiga ba sallama. Ta yarda da yauƙi, na kuka da na kuɓewa da na lalo. Wari ma ta yarda da shi muddin na daudawa ne, ta kalwa ko ta batso. Yaji kuwa ɗan gida ne. Zaƙi kaɗai aka tsayar a ƙofa. Shi wurinsa ƙwarya da kofi: hura, kunu, da shayin nan da mazanmu suke zuba wa sukari har ya yi danƙo, su kuma juyo su ce miyata ta yi zaƙi. 'Ya'yan itace kuwa, magarya da kurna da kanya da aduwa da goruba, abin hannu ne, na yara da makiyaya da tsofaffin da suke kasa su a ƙofar lakwal. A tsotsa, a tofar da ƙwallo, a wuce. Tsamiya ta samu shiga ne don ma'aikaciya ce: ruwanta yana sa tuwon gero ko na dawa ya kama jikinsa, ya kwana cikin zafin nan namu bai lalace ba, da safe a samu ɗumame. Ba don daɗi aka ɗauke ta ba.

Duk wannan na sani, zan ma iya koyar da shi. Hannuna ne ya ƙi sani.

Asalin cutar gwaggona ce, Allah ya jiƙanta. Ina 'yar lakwal ta dawo daga Makka, cikin tsarabarta har da ƙullin zabibi, ta kuma rantse sai ta dafa wa gidan irin shinkafar da ta ci a can, wadda Larabawa suke kira kabsa. Ta dafa da naman rago, ta soya zabibin ta watsa a sama. Manya suka kewaye tire, kowa yana sa mata albarka, yana kuma tsince baƙaƙen abubuwan nan da ɗan yatsa yana turawa gefe. Da aka tashi aka miƙo wa yara saura, ni sai na faɗa wa tulin da aka ƙi. Zabibin ya sha maiƙon rago, ya sha gishiri, ga ɗan zafin masoro a bayansa, sai kuma zaƙi ya fashe a tsakiya. Sauran yara suna kokawa kan ƙashi, ni ina gefe ina lalacewa, ba wanda ya lura.

Cutar ta kwanta shekaru. Da na gama koyon aikin malanta a Tawa aka tura ni wani ƙauye a ƙasar Buza, can kuma aure ya same ni, a babban gida mai surukai da facaloli da ranar girki. Ranar girki a irin wannan gida jarrabawa ce da ba a faɗin sakamakonta. Ki tuƙa tuwon gida gaba ɗaya, ki kaɗa miya, a ɗauki akushi a kai zaure, ki zauna jiran dawowarsa. In ya dawo da saura kin faɗi. In ya dawo a suɗe kin ci, amma ba mai ce miki kin ci.

Can na fara da dabino, busasshe irin na Ingal da ake aunawa a kasuwa. Dabarar ba ta da wuya: a cire ƙwallo, a jiƙa, a jefa a turmi tare da tattasai da albasa a kirɓa har ya ɓace. Miyar takan yi duhu, ta yi kauri, tsamin kauɗa ya kwanta ba sai an sa kanwa ba, naman tunkiya kuma ya yi wani ɗanɗano da harshe yake ji amma ya kasa faɗin ko na mene ne. Akushi ya riƙa dawowa tas. Facalolina suka fara zagayowa madafa suna tambayar wane irin magi nake saye. Na ce musu hannu ne, kowa da irin nasa. Ƙarya ce tsagwaronta, na kuma yi ta da fuskar salihai.

Rana dubu ta ɓarawo. Wata ranar girki na dawo daga lakwal a makare, ban tsaya jiƙo da kirɓi ba, na yayyage dabinon da hannu na watsa, ashe ƙwallo ɗaya ya bi. Bai tashi sauka ko'ina ba sai a akushin surukina, ranar kuma yana da baƙo, wani dattijo da haƙoransa suka rage na ƙirge. Ban ji ihu ba, ban ji faɗa ba. Akushi dai ya dawo a rufe, an ɗora ƙwallon dabino a tsakiyar faifai, an tsotse shi fes. Yaron da ya kawo ya dire ya fita da gudu, don dariya ta ci ƙarfinsa.

Uwar mijina ba ta ce mini komai ba. Matar ɗan fari ce ni, akwai kunya tsakaninmu. Da dare sai ta ɗauki 'yata da take rarrafe ta ɗora a cinya, ta ɗaga murya daidai yadda zan ji daga ɗaki: "Ke kishiya, ki hwaɗa ma uwakki, mu gidan ga da dabino muke buɗa baki in an sha ruwa. Ba mu san shi cikin miya ba."

Daga ranar, miyar da aka yi watanni ana suɗewa ta zama "wata iri". Facalar da ta fi kowa nacin tambayar magi ta ce ita dama tun farko cikinta bai yarda ba. Yara suka koyi tona miyata da ludayi kafin a zuba musu.

Mace mai kunya da nan ta tsaya. Ni malamar lakwal ce, alli ya riga ya ɓata ni, ban iya shan kaye ban yi bayani ba. Tunda ba dama in yi wa surukai darasi, sai na mai da maigida ɗan aji. Na ce masa tumatir da tattasai da kuɓewa da kabewa da yalo duk daga fure suke fitowa, duk da iri a cikinsu, wato a ilimin tsirrai 'ya'ya ne daidai da mangwaro. Haka nake koya wa yara, haka kuma yake. Na ƙara da wadda nake ji da ita, cewa har kotun ƙoli ta Amurka sai da ta zauna kan maganar tumatir a 1893, a wata shari'ar kuɗin fito. Ya ce, "To mi alƙalan sunka yanke?" Dole na faɗa masa: sun ce tumatir kayan miya ne, tunda tare da nama da kifi ake cin sa, ba bayan an gama cin abinci ba. Ya gyara kwanciya ya ce, "Ashe can ma bayan Inna suke."

Ban haƙura ba. Na ce to albasa fa? Duk wadda ta taɓa soya albasa a wuta kaɗan-kaɗan har ta yi ja ta san zaƙi take komawa, don akwai sukari a jikinta, zafinta ne yake rufe shi. Mu da muke cika tukunya da albasa fiye da kowa a ƙasar nan, tun kakanni zaƙi muke sha a miya, ba mu dai yarda mun faɗa ba ne. Kabewar miyar taushe fa? Kilishin da Madawa take taƙama da shi fa, wanda wasu masu yin sa suke sa ɗan sukari ko dabino a cikin labu? Tukuɗin Buzayen Azarori da Galma fa, gero da cuku da dabino a turmi ɗaya? Ya ce tukuɗi ba ya hawa murhu, kilishi kuma ba a cin tuwo da shi. Na tsallaka hamada na kai shi Maroko, inda suke dafa naman layya da zabibi da zuma su kira shi muruziya, su kuma dafa rago da busassun 'ya'yan itace a kaskon tajin. Na gangaro Senegal, inda yasa ba ta yiwuwa sai da lemun tsami da albasa, shinkafa da kifinsu kuma da tsamiya a gefe. Na ƙare da ƙannensa da suke tafiya biɗa Abijan, na ce wane ne cikinsu bai ci aloko ba, soyayyar nunanniyar ayaba da kifi da yaji? Ya ce, "Can baƙi ne su. Baƙo abin da ya iske shi yake ci. Ke ko gida kike." Sai ya yi barcinsa, ni kuwa da sauran ƙasashe a bakina.

Amsar da ta fi tasa nauyi daga Inna, uwar mijina, ta fito, bayan shekaru, lokacin da jikoki suka yi yawa kunya ta ɗan sassauta. Muna tsinkar zogale ta ce mini ita ba ƙin dabino take yi ba. Ta ce a rayuwarta duk ranar da ta ga ɗiyan icce cikin tukunya, to rumbu ya ƙare. Sai ta shiga ba ni labarin 1984, shekarar da mutanen nan suke kira El Buhari, don yunwar ta zo daidai lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta. Mata su fita tun asuba su bi tuddai suna tsinkar anza, ɗan itacen nan da yake kore shar ko da komai ya bushe. 'Ya'yansa in sun nuna yara sukan tsotsi ɗan zaƙin da ke bayansu, amma ƙwayar ciki ita ce abincin, ɗacinta kuwa ba a magana. Sai an ɓare, an jiƙa kwana da kwanaki ana zubar da ruwa ana sake wani, a ƙasar da shi kansa ruwan sai an yi tafiya, kafin a dafa a ci. Wadda kukan yara ya hana ta haƙuri ta dafa da wuri, su kwana suna murɗar ciki. Ni ma na ga irin wannan yunwa da idona a 2005, bayan fara da ƙarancin ruwan damanar 2004. Ajina ya riƙa zaizayewa, yara suna daji tare da uwayensu, anza kuma ta shigo kasuwa ana auna ta da tiya yadda ake auna gero. Yau akwai kamfani a Damagaram, Sahara Sahel Foods, da yake sarrafa anza ya zuba a leda mai tambari, masana kuma suna yaba amfaninta a jiki. Inna ko kyauta aka kawo mata ba za ta karɓa ba.

Ba na cewa yunwa ce ta kafa dokar tukunya. Akwai gidajen da ba su taɓa rasa hatsi ba, su ma ba sa son zaƙi a miya, harshe abin da ya saba yake bi. Amma a gidan nan, ga matar nan, abin da ni nake kira gwaninta tuni ne na shekarar da ba ta son tunawa. Na sunkuyar da kai, na yi hawaye, na ɗauki alkawari a zuciyata. Alkawarin ya riƙe har zuwa shigowar mangwaro.

Lokacin an riga an mai da ni Keita. Maƙwabtana a can da yawansu matan da suka yi aikin furoje ne, babban aikin nan na farfaɗo da ƙasa da aka fara a 1984 da kuɗin Italiya, FAO tana jagora, hukumar PAM tana biyan lada da abinci. Maza sun tafi biɗa, mata ne suka ɗauki duwatsu a ka suka jera a tuddai don tare ruwa, suka haƙa ramuka, har aka dasa itatuwa kimanin miliyan 18 cikin kusan shekara ashirin. Mutanen da suka ci tuwo da irin wannan gumi ko ƙanzo ba sa zubarwa. A wurinsu na samo wa halina rigar malamai. Da bazara motoci sukan sauke mangwaro, zafi ya bi shi, kafin la'asar wanda ya bugu ya fara zubar da ruwa, mai shi ya karya kuɗi. Sai in ja in tsaya in ce, "Subhanallahi, wannan ai almubazzaranci ne," in cika kwando. A gida yara su sha har su ture, ga saura, ga tukunya a kan murhu.

Bari in gaya wa duk wadda shaiɗan yake raya wa: nunannen mangwaro ba ya shiga miyar kuka. Zaƙinsa yakan kama gindin tukunya ya ƙone, zarensa ya haɗu da yauƙin kuka su zama abin da ludayi ba ya iya yankewa, kalar kuwa ba zan siffanta ta ba, don ba mamaki wani yana karanta wannan yana cin abinci. Maigida ya yi loma ɗaya, ya sake yin bisimilla, ya wanke hannu ya ce yana da magana da wani a tasha. Da ƙamshin tsire ya dawo.

Babbar ɓarna kuwa da layya na yi ta. Na ji ana cewa abarba tana tausasa nama, kuma gaskiya ne. Akwai wani sinadari a jikinta da yake narkar da tsoka muddin ba a dafa ta ba, irinsa kuma yana cikin ɗanyar gwanda da ganyenta, shi ya sa wasu suke naɗe nama mai tauri a ganyen gwanda kafin su ɗora. Sai dai abin na ɗan lokaci ne, ni kuwa a ganina abin da ya yi amfani a awa ɗaya zai fi amfani a dare guda. Abarba ta sha hanya daga Kwatano, ta yi tsada, na rufe ido na saya. Na roƙi maigida a cire mini cinya ɗaya kafin a kafa ragon a bakin wuta yadda muke yi, na yanka, na markaɗe abarba na zuba, na kai firjin maƙwabciya ya kwana. Da safe na sa hannu, nama ya koma kamar tsumman da ya shekara a bakin rijiya, ka ɗaga nan can ya zube. A kasko ya ƙarasa narkewa ya zama fate. Cinyar nan kuwa ita ce rabon da za a kai Buza. Daga rabon ɗakina aka cike, yarana suka yi salla da kai da ƙafa, labarin kuma ya riga naman isa Buza.

Don kada a ce ban tsinana komai ba, akwai waɗanda suka yi kyau, kuma gaban kowa zan tsaya a kansu. Ɗanyen mangwaro, wanda 'yan mata da masu ciki suke ci da gishiri da yaji ko su kwaɗa da ƙuli-ƙuli, in aka fere shi aka yanka ƙanana aka jefa a miyar kifin Tabalak dab da saukewa, aikin tsamiya yake yi, a wurina ma ya fi ta kashe ƙarni. Dabino uku ko huɗu sun ishi tukunyar gidan mutum goma, kuma sai an haɗa da ɗan ruwan tsamiya, don zaƙin da ba tsami a bayansa shi ne yake gundura. Lemun tsami bayan an sauke ake matsa shi, in ya tafasa ƙamshinsa ya tafi. Ɗanyar gwanda a farfesu ba mai gane ta, kabewa ake zato. Sauran kuwa Allah ya yafe mana. Gwaiba 'ya'yanta ba sa dahuwa. Goruba ta bar mini miya cike da ɓawo da zare. Aduwa na san tana sakin ciki, kowane yaro ya sani, amma na ce ai kaɗan ce. Daren nan buta ba ta huta ba a gidanmu. Itacen da ya tsira daga hannuna shi ne dogon yaro, wanda aka jera layi-layi a fadamar Majiya tun 1975, da taimakon ƙungiyar CARE, don tare iska. Na sha wucewa ƙarƙashinsu lokacin da 'ya'yan suka yi rawaya suna zuba. Ban gwada ba. Ban kuma ce ban yi tunani ba.

Na daɗe ina laƙaba wa halin nan sunaye masu daraja: ilimi, tattali, buɗewar ido. Ba ko ɗaya. Kwaɗayi ne da son a sani. Kwaɗayin da sauƙi, kowa yana da nasa. Son a sanin ne ya fi ba ni kunya. A gidajenmu mace takan yi shekara talatin tana kaɗa miyar kuka mai kyau, ba ranar da wani zai tsaya da loma a hannu ya ce wa ya yi wannan. In an ci an yi shiru, to an yaba ke nan. Ba a jin sunan mai girki sai gishiri ya zarce ko tuwo ya yi gudaji. Uwata ta zauna lafiya da wannan shirun, facalolina ma haka, suna da wata natsuwa da nake ganin girmanta, ni ce dai ban samu ba. Na fi son a ture akushi a ce "wanga kuma mine ne?" da a cinye a tashi ba a ce uffan ba. A Buza tsoro ne ya sa nake ɓoyewa. Yanzu da na girma, ranar da abin ya yi daɗi ba a gane ba sai in kasa zaune in kasa tsaye, in yi ta zagaye masu ci ina tambaya ko ba su ji wani abu ba, har bakina ya suɓuce in faɗa, nan take a tsame hannu. Ba mai kai ƙarata sai ni.

Na dawo Madawa, furfura ta fara, gida nawa ne, ba surukuwa a tsakar gida. Sai Allah ya haɗa ni da wadda ta fi ta. 'Yar nan tawa da aka yi mini habaici da ita ta girma, ta kuma ɗauko hannun kakarta tsaf. Miyarta ba ƙari ba ragi, ubanta yana ci yana lumshe ido, shiru. In na doso madafa ranar da ta ɗora tukunya sai ta tare ƙofa ta ce, "Mama, buɗe hannunki." In buɗe. "Ɗayan." Har bakin zane take kwancewa. An dai yi sulhu: tukunya biyu ake ɗorawa, babba ta jama'a, ƙarama tawa, aka kuma sa ni na yi alkawari gaban ubanta cewa duk wanda ya tambaye ni abin da ke cikin miya zan faɗa masa gaskiya.

Saboda haka, mai karatu, in hanya ta biyo da kai Madawa ka sauka gidana, za a kawo maka ruwa da hura da tuwo. Kafin ka sa hannu ka tambaya daga wace tukunya aka zubo, ka kuma tambaye ni da bakinka me na sa. Alkawarin da na yi na amsa tambaya ne, bai haɗa da wanda ya yi shiru ba. In kuwa da azumi ka zo, lokacin da dabino ya cika gida, ka tambaya sau biyu.